Launin Hayaƙi Shi Ke Faɗin Ciwon Akori-kura

Daga watan Nuwamba, idan iskar hunturu ta fara kaɗawa aka shiga haƙar citta a ƙasashen Jaba da Kachiya da Kagarko da Jama'a, babu motar da ke shan wuya a kudancin Jihar Kaduna kamar akori-kura. Ita ce ke shiga ƙauyukan da babbar mota ba ta iya shiga, ta kwaso buhunan citta da masara da doya ta kai kasuwannin Kwoi da Kubacha da Kafanchan, sa'an nan ta komo da siminti da kwanon rufi, ga kuma fasinja a bayanta. A wannan lokaci ne ciwon da ya daɗe yana kwance a cikin inji kan fito fili, kuma galibi ta bakin salansa yake fara bayyana.

Masu irin waɗannan motoci sukan kasu gida biyu idan hayaƙi ya ɓullo. Akwai wanda zai ce ai tsufa ne, ya ci gaba da lodi har ranar da injin zai buga a tsakiyar hanya. Akwai kuma wanda da ganin hayaƙi sai ya yarda a sauke inji a yi masa garambawul, alhali kuwa mai yiwuwa ne matacin iska kawai ya toshe. Dukansu biyu suna yin asarar da za a iya kauce mata, domin hayaƙi yana da launi, yana kuma da lokacin da yake fitowa, kuma waɗannan abubuwa biyu sukan nuna wurin da ciwon yake tun ba a taɓa sifana ba.

Daga jirgin ƙasa zuwa akori-kura

Garin Kafanchan jirgin ƙasa ne ya raya shi. Wajen shekarar 1927 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya haɗu da na Kaduna ta nan, aka kuma ja reshe zuwa Jos, garin ya zama mararrabar da amfanin gonar wannan yanki ke bi ya fita. Tun daga shekarun 1980 harkar jirgin ta yi ta ja da baya, nauyin ɗaukar kaya ya koma kan motoci. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, cikin garin Kaduna, kuma samfurin 404 da 504 suka zama motocin gida a Arewa, tun da kayan gyaransu suna samuwa ko'ina. An ci gaba da harhaɗa 504 a Nijeriya har zuwa 2006. A yau Toyota Hilux da ire-irenta sun karɓi yawancin aikin, amma har yanzu akan ga tsofaffin akori-kuran Peugeot suna jigila a hanyoyin ƙauye.

Ƙasar kuwa ba ta raga wa inji. Da rani ga jan ƙura, da damina ga laka da rafuffuka, sa'an nan duk wanda zai kai kaya Jos dole ya yi hawa, ko ta Kagoro da Manchok da Ganawuri, ko ta Gidan Waya ya haura Hawan Kibo. Bugu da ƙari, kuɗin ɓarna ya yi wa mutane ƙaranci. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur, farashin lita ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki. A daminar wannan shekara kuma wata cuta ta auka wa gonakin citta a kudancin Kaduna, manoma da yawa suka tashi a tutar babu. Motar da ke zubar da mai ta salansa a irin wannan hali, jarin mai ita take ci.

Ruwaye uku, launi uku

Inji yana aiki da ruwaye uku, kowane da ɗakinsa. Akwai man da ake ƙonawa, watau fetur ko dizal. Akwai baƙin mai, wanda ke sa ƙarafan inji su yi ta gogayya ba tare da sun ci juna ba. Akwai kuma ruwan lagireto mai sanyaya inji. A cikin silinda, inda wuta ke tashi a kan fistin, abin da ya kamata ya shiga shi ne iska da man ƙonawa daidai gwargwado. Idan man ƙonawa ya fi ƙarfin iskar da ta shiga, hayaƙi ya fito baƙi. Idan baƙin mai ya sami hanya ya shiga, hayaƙi ya fito shuɗi-shuɗi. Idan ruwa ne ya ratso, hayaƙi ya fito fari.

Shi direba yana gaba, hayaƙi yana baya, saboda haka aikin dubawa na mutum biyu ne. Sai yaron mota ya tsaya a gefe ya lura da salansa a lokuta huɗu: sa'ad da aka tayar da inji da safe, sa'ad da ya yi zafi yana silo, sa'ad da mota ke hawan tudu da kaya, da kuma sa'ad da aka taka totur bayan doguwar gangara. Abin da ya gani a waɗannan lokuta shi ne rabin aikin makanike. Sauran rabin, a injin fetur, yana jikin fulogi. Fulogin lafiyayyen silinda bakinsa ruwan ƙasa ne mai haske. Wanda ya yi baƙi a bushe kamar gindin tukunya, fetur ne ya yi yawa. Wanda ya yi baƙi yana maiƙo, baƙin mai ne. Wanda kuwa ya fito fes kamar an wanke shi alhali 'yan'uwansa suna da datti, akwai alamar ruwa na shiga wannan silinda.

Baƙin hayaƙi

Wannan shi ne ya fi yawa, shi ne kuma ya fi arahar gyara. Injin fetur yana bukatar iska wajen kilo 15 kafin ya ƙone kilo 1 na fetur sarai, don haka duk abin da ya rage iska zai bar mai ɗanye ya fita a matsayin kunkunniya. Wuri na farko da za a duba shi ne matacin iska. Motar da ke bin hanyoyin ƙauye da rani tana iya toshe mataci cikin makonni kaɗan. Idan na takarda ne, akan hura masa iska daga ciki zuwa waje, in ya yage ko ya jiƙe da mai a sake sabo. Idan irin na da ne mai kwanon baƙin mai a ƙasa, sai a wanke ragar, a zuba sabon mai daidai layin da aka zana. Abin da bai kamata a yi ba shi ne a cire matacin a yar, kamar yadda wasu ke yi don mota ta ƙara ƙarfi. Ƙurar da za ta shiga tana cin silinda kamar yashi, kuma ba da daɗewa ba baƙin hayaƙi zai koma shuɗi, watau garin neman gira an rasa ido.

Idan mataci lafiya lau yake, sai a koma kan kafireto. Cok yakan maƙale a rufe, allurar da ke tsayar da fetur a cikin kwanon kafireto takan ci ta daina rufewa, wani lokaci kuma wani ne ya taɓa sa waya ya faɗaɗa ƙofar mai da sunan wankewa. A sababbin motoci masu injeta babu kafireto, kwamfuta ce ke auna mai bisa ga rahoton na'urorin da ke jin yawan iska da zafin ruwa da kuma abin da ke fita ta salansa. Idan ɗaya daga cikinsu ta ba da rahoton ƙarya, kwamfutar za ta yi ta ɗura mai. A nan ƙiyasi ba ya aiki, sai a jona na'urar gwaji ta faɗi wadda ta lalace.

A injin dizal, ɗan baƙin hayaƙi lokacin da aka taka totur da ƙarfi ba abin tashin hankali ba ne, amma wanda ke bin mota kamar hadari yana da dalili. Ko nozul ya daina fesa mai kamar raɓa ya koma tsiyaya, ko saitin famfon mai ya goce, ko kuwa an taɓa kwance sukurun famfon don a ƙara ƙarfi. A motoci masu tobo, tiyon iska da ya fashe ko ya sassauta yakan kawo wannan hayaƙi tare da wani fito da rashin ƙarfi. Nozul ana gwada shi ne a kan na'ura a wurin masu gyaran famfo, ba a iya gane lafiyarsa da ido.

Akwai kuma baƙin hayaƙin da laifin hanya ne da na direba. Kafanchan tana sama da doron teku da mita 700 da 'yan kai, Jos kuwa wajen mita 1,200, kuma tsakanin wuraren biyu iska tana raguwa da kusan kashi 5 cikin 100. Motar da matacinta ya fara toshewa za ta iya yawo cikin gari ba a ga kome ba, amma da ta kama Hawan Kibo sai asiri ya tonu. Idan kuma an labta mata kayan da suka ninka ƙarfinta, direba ya ƙi sauko da giya ya danne totur har ƙasa, hayaƙi dole ne. Illar ba ta tsaya ga asarar mai ba. Ɗanyen man da bai ƙone ba yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka wanda ke cikin kwanon inji, zobban fistin su ci da wuri.

Shuɗin hayaƙi

Warinsa na ƙonannen baƙin mai ne, kuma sandar geji tana ba da shaida, domin mai zai riƙa raguwa ba tare da an ga yoyo a ƙasa ba. A nan lokacin fitowar hayaƙin shi ne babban abin lura. Idan ya fito da safe na ɗan lokaci sa'an nan ya ɗauke, ko kuwa ya fito bayan an gama gangara daga Ganawuri aka taka totur, to galibi robobin bawul ne suka bushe, mai yana tsiyayowa daga kan inji. Wannan gyaran bai kai ga sauke inji ba. Idan kuwa hayaƙin yana ƙaruwa duk lokacin da mota ta ɗauki kaya ko ta kama tudu, ga rashin ƙarfi, ga huci mai yawa idan an buɗe murfin baƙin mai, to zargi ya koma kan zobban fistin, waɗanda makanikai ke kira ringi, da jikin silinda.

Kafin a yanke wannan hukunci mai tsada akwai ƙananan abubuwa da ya kamata a kawar. Wani lokaci wajen juye ne aka cika mai ya wuce layi. Wani lokaci tiyon numfashin inji ne ya toshe, iskar da ta taru a ciki ta tura mai inda bai kamata ba. A mai matacin iska irin na kwano, cika kwanon fiye da kima ma yana kawo shuɗin hayaƙi. Bayan an kawar da waɗannan sai a yi gwajin matsi. Akan cire fulogai duka, a sa ma'auni a ramin kowane ɗaya, a juya inji, a rubuta abin da allura ta nuna. A lafiyayyen inji bambancin da ke tsakanin silindoji ba ya wuce kashi 10 cikin 100. Idan ɗaya ta yi ƙasa, sai a zuba mata baƙin mai cokali ɗaya a sake gwadawa. In matsin ya tashi, ringi ne. In bai tashi ba, bawul ne ko gaskit. Wannan dabarar zuba mai ta injin fetur ce kawai, a injin dizal tana da haɗari, domin man yana iya kamawa da wuta. Mai mota yana da haƙƙin ya ga waɗannan lambobi da idonsa kafin ya amince a sauke inji.

Injinan fetur na Peugeot 404 da 504 suna da wata fa'ida a nan, watau silindojinsu hannun riga ne da ake zarewa, wanda makanikai ke kira silib. Ana iya sake silib da fistin da ringi gaba ɗaya ba tare da an kai gangar inji wurin masu gurza ba. Yawancin sauran injuna kuwa sai an auna silinda, in ta faɗaɗa a gurje ta a sa fistin mai girma. Sa sababbin ringi a silindar da ta riga ta cinye aikin banza ne, bayan 'yan watanni hayaƙi zai dawo.

Akwai wani mai kauri kamar zuma da ake sayarwa a gwangwani da sunan maganin hayaƙi. Yana rage hayaƙin na ɗan lokaci, amma ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye, kuma da sanyin safiya yana jinkirin isa inda ake bukatarsa. Masu sayen tsohuwar akori-kura su lura da wannan, su nemi a tayar musu da inji yana da sanyi, su kuma zaro sandar geji su taɓa man da yatsa.

Masu injin dizal mai tobo suna da wani haɗari na musamman. Idan tobo ya fara zubar da baƙin mai cikin hanyar iska, inji yana iya komawa yana ƙona wannan man, ya yi ta gudu da kansa ko da an kashe makulli. Idan haka ta faru, sai direba ya danne birki, ya sa babbar giya, ya saki kuloci don injin ya mutu.

Farin hayaƙi

Ba kowane farin hayaƙi ne ciwo ba. Duk lita 1 ta fetur da ta ƙone tana haifar da ruwa kusan lita 1, wanda ke fita a matsayin tururi. Da asubar hunturu a Kagoro ko Zonkwa ana ganin wannan tururi, har salansa ta ɗiga ruwa, amma da inji ya ɗumama sai ya ɓace. Wanda ke da haɗari shi ne farin hayaƙi mai kauri da ke ci gaba bayan inji ya yi zafi. Alamunsa su ne lagireto na shan ruwa ba a ga inda yake zuba ba, kumfa na tasowa a bakin lagireto idan inji na aiki, tiyon ruwa na sama ya yi tauri tun inji bai yi zafi sosai ba, baƙin mai kuma ya koma kamar shayi da madara. Wannan gaskit ɗin kan inji ne ya ƙone, ko kuwa kan injin ne ya tsage. A Peugeot, lalacewar abin da ke toshe gindin silib ma takan haɗa ruwa da mai. Duk wannan dubawa ana fara ta ne inji yana da sanyi. Wanda ya buɗe murfin lagireto da zafi, tafasasshen ruwa zai watso masa a fuska.

Gaskit ba ya ƙonewa haka kawai, ruwa ba ya tsami banza. Galibi inji ne ya taɓa yin zafi fiye da kima, ko don bel ɗin fanka ya sassauta, ko lagireto ya toshe da tsatsa da laka saboda ruwan rijiya da na rafi da ake ɗura masa. Idan aka sake gaskit ba a gyara abin da ya kawo zafin ba, sabon ma zai bi tsohon. Lalle ne kuma a dora miƙaƙƙen ƙarfe a kan fuskar tof-silinda a ga ko ta lanƙwashe, tun da ta yawancin injinan fetur ta alminiyam ce, zafi yana karkata ta. Wajen mayarwa, ana ɗaure kusoshin ne bi da bi daga tsakiya zuwa gefe da sifana mai awo, gwargwadon abin da littafin motar ya faɗa. Al'adar cire tamostat da sunan ƙasarmu da zafi ita ma tana da illa, domin injin da bai kai zafin aikinsa ba ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa.

A injin dizal akwai farin hayaƙi mai yaji a ido, mai warin ɗanyen mai. Shi wannan dizal ne da bai kama wuta ba, saboda hita ta mutu, ko saitin famfo ya makara, ko matsi ya yi ƙasa, ko kuma ruwa ya shiga tanki. Ingancin mai abin lura ne ƙwarai. A watan Fabrairu na 2022 kamfanin NNPC ya tabbatar an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Turai, aka yi ta kukan lalacewar motoci a Legas da Abuja. Idan haka za ta faru da man gidan mai, to na jarka a bakin hanya sai a ƙara yin hattara. Idan hayaƙi ya fara daidai bayan an sha mai a wani sabon wuri, a fara zuba kaɗan a farar kwalba a bar shi ya kwanta, ruwa da datti za su taru a ƙasa.

Akwai farin hayaƙi guda da ya shafi rai kai tsaye. Idan mastan birki yana yoyo ta baya, man birki yakan taru a tukunyar da ke taimaka wa birki, inji ya zuƙe shi ta tiyo ya ƙone. Duk direban da ya ga farin hayaƙi, ya kuma ga man birki na raguwa ba tare da jiƙewar taya ba, kada ya kuskura ya kama gangara kafin a duba.

Lafiyar na baya da hukuncin doka

A watan Yuni na 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji na huhu. Injin fetur mai shan mai fiye da kima kuma yana fitar da iskar nan mai guba irin ta janareto, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Waɗanda suka fi shaƙar ta su ne mata da yara da ke zaune a bayan akori-kura ranar kasuwa, musamman idan an rufa tamfol ko salansa ta huje a ƙarƙashin bodi. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya da akan ɗora wa wahalar hanya, wani lokaci daga nan suke. Ta fuskar doka kuma, hukumar kiyaye muhalli ta NESREA ta fitar da ƙa'idojin hayaƙin motoci a 2011, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana cin tarar mota mai hayaƙin da ya wuce kima, ga kuma jami'an KASTLEA a hanyoyin Jihar Kaduna.

Abin da ya kamata mai akori-kura ya riƙe shi ne a fara da mai araha kafin a je ga mai tsada. A duba launi da lokaci, a duba matacin iska da sandar geji da ruwan lagireto da man birki, a karanta fulogai, a yi gwajin matsi, sa'an nan in ta kama a buɗe inji. In an yi garambawul, kilomita 1,000 na farko ba na cikakken lodi ba ne, kuma bayansu a yi juye. Lokacin wannan aiki duka shi ne Satumba da Oktoba, kafin citta ta fara fitowa, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma motar da ta kwana uku a gareji cikin Disamba ta rasa kuɗin da ba za ta mayar da shi ba sai wata kakar.